Gembu: Abin da Sanyin Mambila Yake Bayarwa da Abin da Yake Karɓa

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Yola da Sakkwato da Maiduguri, har mutane su fito da tabarmi tsakar gida suna neman iska, mazauna Gembu da bargo suke kwana. Garin shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, yana zaune a kan tsaunin Mambila, inda tsayin ƙasa ya kai kimanin mita 1,500 zuwa 1,600 sama da teku, kuma da wuya zafin rana ya wuce digiri 25 a yawancin shekara. Wannan ne ya sa duk bazara hotunan korayen tuddai suke yawo a Facebook, mutane suna tambayar dalilin da ya hana a mayar da wurin matattarar masu hutu. Tambayar tana da kyau, amma ta baƙo ce. Wanda zai zauna a garin, ya yi noma ko kasuwanci, ya sa 'ya'yansa makaranta, ya kai matarsa asibiti da tsakar dare, tambayarsa daban ce, kuma amsarta tana nuna cewa tsayin da ya ba Gembu sanyi shi ne dai ya jawo mata yawancin wahalhalunta.

Dalilin sanyin ba wani abin ɓoye ba ne. Iska tana rage zafi da kusan digiri shida da rabi a duk mita 1,000 da aka hau, saboda haka garin da ya ɗara kwarin Binuwai da mita 1,300 ko fiye zai kasance ƙasa da shi da digiri takwas ko tara, ko da rana ɗaya ce take dukansu. Ga shi kuma tsaunin yana tare iskar damina mai ɗauke da laima daga kudu maso yamma, ya tilasta mata hawa, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta a kansa. Ruwan da ake samu a shekara yakan kai milimita 1,800, wato fiye da ninki biyu na abin da Sakkwato ko Katsina suke gani, kuma damina takan ɗauki wata shida zuwa bakwai. Da hunturu, a Disamba da Janairu, sararin sama yakan washe da dare, zafin da ƙasa ta sha da rana ya tsere, jaura ta sauko cikin kwaruruka, har manja ya daskare a cikin galan.

Amfanin wannan yanayi ga lafiyar mutum ya fi yadda ake zato, domin zafi yana kisa ba tare da an rubuta sunansa a takardar asibiti ba. Tsoho mai hawan jini, da mace mai juna biyu, da jariri, da lebura mai aiki a rana, duk zafin bazara yana cin jikinsu, musamman idan dare ma bai huce ba. A Gembu mutum yana iya barci ba fanka, yana iya yin aikin ƙarfi da azahar, yaro yana iya zama a aji ba tare da gumi ya jiƙa masa littafi ba. Zazzaɓin cizon sauro yana nan, amma sanyi yana rage masa ƙarfi, domin ƙwayar cutar tana jinkirin girma a cikin sauro idan zafi ya yi ƙasa da digiri 18. Haka ma ƙudan tsando, mai sa wa shanu sammore, ba ya jin daɗin saman tsaunin, kuma wannan shi ne babban abin da ya mayar da Mambila ƙasar kiwo. Ƙasar tana karɓar amfanin da ba ya yi a yawancin Najeriya: ganyen shayi, da kofi, da fiya, da dankalin Turawa, baya ga masara da gwaza da ayaba. Gonar shayi ta Kakara, wadda ake sarrafa shayin Highland Tea a cikinta, tana nan tun shekarun 1970.

Sai dai sanyi da laima su ma suna da nasu haraji. Gidan da ba a yi masa rufi mai kyau ba yakan yi danshi wata da watanni, wanki ya kwana biyu bai bushe ba, masarar da aka girbe cikin ruwa ta yi fumfuna idan ba a ɗora ta saman murhu ba. Yara suna fama da mura da ciwon sanyin ƙirji, kuma hanyar da talaka yake da ita ta ɗumama ɗaki ita ce ya hura wuta a ciki, ya rufe ƙofa, iyali su kwana suna shaƙar hayaƙi. Itacen da gida yake ci a nan ya fi na garin zafi, tunda ban da girki akwai jin ɗumi da dafa ruwan wanka da na alwala. Wanda ya ga ɗan acaba da sassafe a Gembu, sanye da jaket biyu da hular sanyi da safar hannu, yana ratsa hazon da ba ya barin a hangi abin da ke gaba, ya san cewa yanayin da baƙo yake yabo wani yana biyan kuɗinsa kullum.

Mafi tsadar harajin ita ce hanya. Daga Jalingo zuwa Gembu kimanin kilomita 400 ne, ta Bali da Serti, kuma tafiyar takan cinye mafi yawan wuni. A Mayo Selbe ake fara hawa. Direbobi sukan tsaya a nan su duba birki da ruwan injin, domin abin da ke gaba kwana-kwana ce a jikin dutse, gefe guda bango, gefe guda rami, har a kai Maisamari a sama, sannan Nguroje, sannan Gembu. Babbar mota mai kaya tana hawa da giya ɗaya, yaron mota yana biye da ita da weji a hannu saboda kada ta zame baya. Da damina ƙasa takan zaftaro ta toshe hanyar, kuma tunda ita ce babbar hanyar kwalta da ta haɗa tsaunin da sauran jihar, idan ta toshe komai ya tsaya. Kowane buhun siminti, kowace jarkar fetur, kowane kwalin magani da ya isa Gembu yana ɗauke da kuɗin wannan hawa a farashinsa, yayin da fiya da ayaba da suke sauka ake saye su da arha, saboda dillali ya san rabi zai iya lalacewa kafin ya kai kasuwa. Manomin Mambila yana sayen kayan waje da tsada, yana sayar da nasa da araha, kuma duka biyun laifin hanya ne. Ƙauyukan da ke hayin kogin Donga kuwa sun daɗe suna dogara da kwale-kwale kafin su iso garin, abin da kan zama kasada idan kogi ya kawo.

Wannan nisa yana da tarihi. Mambila ta kasance cikin ƙasar Kamaru ta Jamus, bayan Yaƙin Duniya na Farko ta koma hannun Ingila a matsayin amana, kuma sai a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ne arewacin wannan ƙasar amana, wanda Mambila take ciki, ya zaɓi shiga Najeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Don haka tsoffin hanyoyin ciniki da zumunta na mutanen tsaunin da dama sun fi karkata zuwa Kamaru, kuma har yau akwai dangin da iyaka ta raba. Daga nan yankin ya bi ta jihar Arewa maso Gabas, da Gongola, har aka kafa Taraba a 1991, kuma a kowane zamani shi ne can ƙarshen taswira, nesa da inda ake raba kasafi.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne ƙasa. Ciyawar da take burge mai ɗaukar hoto dukiya ce da ake rigima a kanta. Mambilawa manoma ne da suka daɗe a wurin, tare da ƙabilun Kaka da Panso da Kambu, sannan Fulani makiyaya suka fara shigowa da yawa tun wajen shekarun 1940, saboda ƙasar ba sammore, ga ciyawa kusan duk shekara. Da farko tsarin ya yi kama da raba aiki, shanu a kan tudu, gonaki a cikin kwari. Amma mutane sun ƙaru, shanu sun ƙaru, kuma bayan dokar mallakar ƙasa ta 1978 masu hali, ciki har da manyan mutane daga wajen yankin, suka samu takardun mallakar manyan filaye suka kewaye su da waya. Matashin da ya tashi a ƙauye yana ganin tudun da kakansa yake ambata an shinge shi, ƙaramin makiyayi yana ganin burtalin da ubansa yake bi an nome shi, kowannensu kuma yana da hujjar da ba ta rasa gaskiya. Rikici ya ɓarke fiye da sau ɗaya, mafi muni a 'yan shekarun nan shi ne na Yunin 2017, wanda aka kashe mutane da yawa a cikinsa, aka ƙone gidaje, aka karkashe shanu. Duk wanda yake tsara otal ko filin shaƙatawa a Mambila ba tare da ya tambayi filin wa zai ɗauka ba, yana ƙara wa wannan rigima wani sabon mai nema ne, kuma mai kuɗi.

Yawan kiwo da ƙonar daji na kowace shekara sun riga sun sauya fuskar tuddan. Idan aka matsa kusa za a ga jikin tudu ya yi layi-layi saboda sawun shanu, a wasu wuraren jar ƙasa ta bayyana, ruwa ya fara yanka kwazazzabo. Doguwar ciyawar da shanu suke so ta ragu a wurare da dama, wata gajera mai tauri ta maye gurbinta. Koren yana nan a ido, amma abincin da ke cikinsa ya ragu, shi ya sa makiyayi yake ƙara matsawa cikin kwari, inda gonar manomi take.

A cikin waɗannan kwaruruka ne kuma kurmi yake, kuma a ganina kurmin nan shi ne abin da rayuwar Gembu ta fi rataya a kansa, ko da yake shi ne aka fi mantawa da shi. Siraran dazuzzukan da ke bin bakin rafuka su ne randar tsaunin: suna riƙe ruwan damina a cikin ƙasa, su riƙa sakinsa a hankali har rani ya wuce. Idan aka sare su don gona ko itace, ko shanu suka tattake bakin rafin, ruwan sama yakan gangara gaba ɗaya cikin sa'o'i kaɗan, ya kwashi ƙasa ya tafi da ita, sannan a Fabrairu idon ruwa ya ƙafe. Ta haka gari mai samun ruwan sama milimita 1,800 zai iya wayar gari mata da yara suna hawa da sauka da jarkoki. Bishiyar turare, wadda aka shigo da ita aka dasa ko'ina a tsaunin, ta ƙara dagula lissafin. Ta yi amfani ƙwarai, domin ita ce itacen girki, ita ce katakon rufi, ita ce kuma ake lodawa a manyan motoci a sauka da ita a samu kuɗi, kuma ba don ita ba da kurmin asali ya daɗe da ƙarewa. Amma tana da saurin girma da yawan shan ruwa, kuma idan aka dasa ta a kan idon ruwa ko bakin rafi, illarta takan fi amfaninta. Abin da ya dace shi ne a tsayar da inda za a dasa ta, a nesanta ta da mafarin ruwa, kuma wannan hukunci ne da masu unguwanni da ƙaramar hukuma za su iya yankewa ba tare da jiran Abuja ba.

Akwai misalin abin da kiyayewa take iya yi a dajin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, wanda yake cikin 'yan ragowar dazuzzukan kan tsauni a Najeriya, kuma har yanzu akwai birin cimfanzi a cikinsa. Tun farkon shekarun 2000 wani shirin bincike da Hazel Chapman ta jami'ar Canterbury da ke New Zealand ta kafa yake aiki a wurin, yana ɗaukar matasan ƙauyen aikin lura da bishiyoyi da tsuntsaye, yana killace wasu filaye daga wuta da shanu domin daji ya farfaɗo. Darasin da ke ciki shi ne dajin ya samu masu tsaronsa ne lokacin da ya fara biyan albashi a ƙauyen da ke kusa da shi.

Ɗumamar yanayi kuma ba za ta tsallake tsaunin ba. Garin da ke digiri 24 ba zai zama Yola ba don an ƙara masa digiri ɗaya ko biyu, amma wannan ƙarin ya isa ya matsar da iyakar da sauro da ƙudan tsando suke tsayawa. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan tsaunukan Habasha da Kolombiya ya nuna cewa a shekarun da suka fi ɗumi zazzaɓin cizon sauro yakan haura zuwa wurare masu tsayi, inda jikin mutane bai saba da shi ba. Kuma gwargwadon yadda zafi yake tsananta a ƙasa, haka sha'awar mallakar fili a sama za ta ƙaru, farashi ya tashi, ɗan gari ya kasa saye a garinsu.

Ta fuskar shaƙatawa a fili, abin da Allah ya ajiye a yankin ba kaɗan ba ne. Gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991 kuma ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Najeriya da faɗin fiye da murabba'in kilomita 6,000, yana gindin tsaunin, da hedikwatarsa a Serti. A cikinsa Chappal Waddi yake, ƙololuwar da ta fi kowace tsayi a ƙasar, mita 2,419, a kan iyakar Kamaru, kuma hawansa tafiyar kwanaki ce da jagora da masu dako. A saman tsaunin akwai tuddai marasa duhuwa da suka dace da tafiyar ƙafa da hawan doki, da magangarun ruwa, da gonar shayi wadda ganinta kaɗai ya isa dalilin tafiya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan ruwa ya ɗauke, ko da yake ƙurar hunturu da hayaƙin ƙonar daji sukan rage nisan hange a ƙarshensa. Koren da ake gani a hotuna na damina ne, wato daidai lokacin da hanya ta fi haɗari, kuma wannan saɓani ne da masu tallar wurin ba su cika faɗa ba.

Kafin a yi mafarkin babban wurin hutu, ya kamata a dubi wurin hutu na tsaunin Obudu a jihar Kuros Riba, wanda tsayinsa ya yi kusa da na Gembu. A zamanin gwamna Donald Duke an zuba masa kuɗi sosai, aka kafa motar igiya mai hawa dutse a 2005, aka fara gasar tseren hawan dutse ta duniya a wannan shekarar, da kyautar dala 50,000 ga zakara. Na ɗan lokaci sunan wurin ya zaga duniya. Bayan gwamnati ta sauya, kulawa ta ja baya, motar igiyar ta shafe shekaru ba ta aiki, gasar ma ta tsaya. Abin da aka gina don baƙo kaɗai yana rayuwa ne gwargwadon sha'awar wanda ke kan mulki. Hanya mai kyau da ruwan famfo da asibiti mai aiki kuwa ɗan gari ne zai fara cin moriyarsu, shi zai yi ƙorafi idan sun lalace, kuma su ne dai abubuwan da baƙon ma yake buƙata kafin ya zo da iyalinsa.

Shaƙatawar ɗan gari ita ma abin lissafi ce, kuma ita ce ba a tanada. Yaron Gembu yana hawa da sauka tun yana ƙarami, a iskar da ta fi ta ƙasa ƙarancin abin shaƙa, irin horon da 'yan tseren wasu ƙasashe suke biyan kuɗi su samu. Garin Iten na Kenya, mai tsayin mita 2,400, ya zama cibiyar 'yan gudun dogon zango ne ta hanyar makarantu da masu horarwa da hanyoyin ƙasa da ake gudu a kansu kowace safiya, kuma a nan gida yawancin 'yan dogon zangon Najeriya daga tuddan Filato suke fitowa, musamman wajen Pankshin. An daɗe ana maganar cibiyar horar da 'yan wasa a Mambila, amma abin da zai fara fitar da gwani bai kai wannan tsada ba: gasar gudu tsakanin makarantu duk shekara, da malamin wasanni da ya san aikinsa, da filin ƙwallon da ba za a yanka shi fuloti ba. A gari mai tudu da kwari shimfiɗaɗɗen fili kaɗan ne, kuma shi ne kowa yake so ya gina gida a kai, don haka idan ba a keɓe filin wasa da wurin zaman iyali yanzu ba, nan gaba ba za a samu inda za a keɓe ba.

Maganar lantarki ta fi kowace ciwo, domin sunan Mambila a kunnen yawancin 'yan Najeriya sunan tashar wuta ne. An shafe shekaru fiye da arba'in ana zancen madatsar ruwa a kogin Donga, a 2017 gwamnatin tarayya ta amince da kwangilar kusan dala biliyan 5.8 don samar da megawat 3,050, sannan shari'a da kamfanin Sunrise Power, wanda ya yi iƙirarin shi aka fara ba kwangilar, a kotun sasanci ta Paris ta riƙe aikin shekara da shekaru. Yawancin mutanen tsaunin kuwa da janareta da sola suke rayuwa. Abin da ya yi aiki a zahiri ƙarami ne: tashar samar da wuta da ƙarfin ruwa ta Tunga mai kilowat 400, wadda aka kafa da taimakon UNIDO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai raya masana'antu, ta sauke wa masana'antar shayi ta Kakara nauyin dizal. Ƙasa mai rafuka masu gangara da ruwan wata bakwai ta dace da irin waɗannan ƙananan tashoshi, kuma su ma ƙarfinsu da rani ya dogara ne ga ko kurmin da ke saman rafin yana nan.

Garin kuma yana ƙara cika. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Sardauna mutum sama da 220,000, kuma tun daga 2017 rikicin yankin masu magana da Ingilishi na Kamaru ya turo 'yan gudun hijira zuwa Gembu da ƙauyukan kan iyaka, inda da yawansu suka sauka a gidajen dangi da masu karɓar baƙi. Sababbin gidaje suna hawa jikin tuddai ba tare da magudanar ruwa ba, kuma kowane rufin kwano da aka ƙara yana tara ruwan da zai gangara kan na ƙasa da shi. A ƙasa mai wannan gangara da wannan ruwan sama, shata inda ba za a yi gini ba, da fitar da kwalbati kafin a raba fuloti, da barin tazara tsakanin masai da idon ruwa, ayyuka ne da ya kamata a gama su tun unguwa ba ta cika ba, domin gyaransu bayan an zauna yana nufin rushe gidan wani.